Tafintan Cikin Na'ura: Tarihin Manhajojin Sauti da Hoto a Tamale, daga Kaset zuwa Wayar Salula

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen shekarun 2000, abu ne da aka saba gani a garuruwan Afirka ta Yamma a tarar da samari biyu sun haɗa kai a kan benci, ɗaya yana tura wa ɗaya waƙa ko fim daga wayarsa. A yi ta jira har abin ya gama shiga. Mai karɓa ya danna, sai wayar ta ƙi buɗewa. Fim ɗin lafiyarsa ƙalau, domin ga shi yana yi a wayar wanda ya turo. Wayar mai karɓa ma ba ta lalace ba. Abin da ya hana shi ne wata manhaja da ke cikin wayar farko, wadda babu ita a ta biyun.

Dalili kuwa shi ne, abin da ke cikin faifai ko katin ajiya lambobi ne zalla, an jera su bisa wata ƙa'ida. Kafin ido ya gani ko kunne ya ji, sai an sami manhajar da ta san wannan ƙa'ida, ta mayar da lambobin hoto da murya. Aikinta ya yi kama da na tafinta a kotu ko a kasuwa, saboda haka da wannan suna za a riƙa kiran ta a wannan takarda. Tafintocin iri biyu ne. Na farko su ne masu warware sauti da hoto kawai, kamar waɗanda ke karanta tsarin MPEG-1 da MP3 da 3GP. Na biyu su ne masu shimfiɗa wa wata manhaja wurin da za ta yi aiki, wato wasa ko littafi ko dandalin hira. Java da Flash su ne fitattu a cikinsu.

Wannan takarda za ta bi tarihin waɗannan tafintoci kamar yadda suka iso Tamale, a arewacin Gana. Manyan kamfanonin duniya sun sha tsara tafinta guda wanda suke fatan ya mamaye kowace waya da kowace talabijin. Amma wanda ya ci kasuwa a Tamale shi ne mai araha, wanda ba ya bukatar intanet, wanda kuma ba ya hana kwafa. Wannan zaɓi ya shafi abin da jama'a suka kalla, da yadda suka rubuta harshensu, da kuma abin da zai saura daga fina-finai da waƙoƙin wancan zamani.

2.0 Tamale da Hanyar Gwanja

Tamale ita ce babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Gana, kimanin kilomita 600 arewa da Akra. Tana cikin ƙasar Dagbon, harshen mafi yawan mazaunanta kuma Dagbani ne. Hausa ta shigo wannan yanki ta hanyar fatauci. Tun ƙarnonin baya ayarin fatake ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, su kai tufafi da kanwa da fatu, su komo da goro. Babbar kasuwarsu ita ce Salaga. A shekarar 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, fatake da malamai suka watsu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi da sauran garuruwa. A 1907 kuma Turawan Ingila suka mayar da hedkwatar mulkinsu ta arewa daga Gambaga zuwa Tamale. Garin ya bunƙasa, baƙi suka kafa unguwanni. Har yau akwai Hausa Zango da Moshi Zango da Sabonjida, sunan da duk mai jin Hausa zai gane cewa daga "sabon gida" ya fito.

Ke nan tun kafin a ƙera akwatin bidiyo, akwai masu jin Hausa a Tamale, akwai kuma tsohuwar hanyar da kaya ke bi daga Kano. Da wutar lantarki ta madatsar ruwan Akosombo ta iso garin a ƙarshen shekarun 1980, sai ya zama an sami masu kallo, an sami hanya, an kuma sami abin kunna na'ura.

3.0 Daga Kaset zuwa Faifai

Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da kaset ɗin VHS a 1976. Shi kaset ba ya bukatar tafinta irin wanda aka bayyana a sama, domin ba da lambobi ake ajiye hoto a cikinsa ba. Da shi aka kafa sana'ar fim ɗin bidiyo a wannan yanki na Afirka. A Akra, William Akuffo ya fitar da "Zinabu" a 1987. A Kano, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da "Turmin Danya" a 1990. A wajen wannan lokaci ne ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Dagomba a Tamale suka fara ɗaukar nasu wasannin a kaset da harshen Dagbani. Wanda ba shi da akwatin bidiyo a gida sai ya biya kuɗi kaɗan ya shiga gidan kallo, inda ake nuna fina-finan Indiya da na Sin da na Amurka, daga baya kuma na Hausa da na Dagbani.

Babban aibin kaset shi ne, duk kwafin da aka yi ya fi uwarsa dushewa. Kafin fim ya bi hannu uku ko huɗu daga Kano, hoto ya fara rawa, murya ta shaƙe. Masanin nan Brian Larkin, a littafinsa "Signal and Noise" na 2008, ya nuna cewa hanyoyin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka kafa don kwafar fina-finan waje, su ne daga baya suka zama hanyoyin rarraba fina-finan Hausa.

Tafinta na farko da ya shiga gidajen jama'a ya zo ne a cikin na'urar VCD. Kamfanonin Philips da Sony da Matsushita da JVC suka amince da wannan tsari a 1993. Yana ajiye fim a kan faifan CD na yau da kullum, bisa ƙa'idar matse hoto da ake kira MPEG-1. Faifai ɗaya yana ɗaukar kimanin minti 74, faɗin hoton kuwa ɗigo 352 ne, tsayinsa 288. A Turai da Amurka VCD bai karɓu ba, don kyan hotonsa bai wuce na kaset ba. Amma a Sin da kudu maso gabashin Asiya, daga baya kuma a Afirka ta Yamma, ya samu karɓuwa ƙwarai, saboda dalilai uku. Faifan ya fi kaset araha da sauƙin ɗauka. Kwafi na ɗari daidai yake da na farko. Sannan babu wani makulli a jikinsa da zai hana kwafa. A cikin shekarun 2000 faifai ya kori kaset daga kasuwannin Bata da Ƙofar Wambai a Kano, haka kuma daga rumfunan masu sayar da fim a Tamale.

DVD, wanda ya fara fita a Japan a 1996, ya zo da wata manufa dabam. Yana amfani da MPEG-2, yana ɗaukar gigabait 4.7, hotonsa kuma ya fi na VCD nesa ba kusa ba. Amma kamfanonin fim na Amurka sun nemi a sa masa makullai biyu: ɗaya na hana kwafa, ɗaya na yanki. An raba duniya gida shida, mafi yawan Afirka ta faɗa gida na 5 tare da Indiya da Rasha. Bisa tsarin, faifan da aka sayo a Landan bai kamata ya yi a Tamale ba. Wato a nan tafinta ya zama har da mai gadi. Sai dai na'urorin da suka cika kasuwannin Afirka masu araha ne ƙirar Sin, kuma yawancinsu ba su damu da lambar yanki ba. Suna karanta DVD da VCD da CD, daga baya aka ƙara musu MP3 da DivX da ramin sa filashi. Da haka ne aka shiga sayar da faifai ɗaya mai ɗauke da fina-finai takwas ko goma. 'Yan ƙwaƙwalen da ke cikin waɗannan na'urori daga kamfanoni ƙalilan suke fitowa. Ɗaya daga cikinsu shi ne MediaTek na Taiwan, wanda aka kafa a 1997. Za a sake haɗuwa da wannan suna nan gaba.

4.0 Wayar Salula da Zamanin Java

Kamfanin Mobitel ne ya kawo wayar salula Gana a 1992. A 1996 Spacefon ya fara aiki da tsarin GSM, ya koma Areeba a 2005, sannan MTN a 2007. Kamfanin waya na gwamnati ya buɗe layin OneTouch a 2000, a 2008 kuma Vodafone ya sayi kashi 70 cikin 100 na kamfanin. Nijeriya ta shiga zamanin GSM a 2001. Wayoyin da suka fara yaɗuwa, irin su Nokia 3310 ta shekarar 2000 da Nokia 1100 ta 2003, na kira ne da aika saƙo. Abin da kamfani ya sa a ciki, shi ke nan, ba a ƙara komai.

Java ce ta canza wannan. Asalinta ma don kayan gida aka fara tsara ta. A 1991 wasu injiniyoyi a kamfanin Sun Microsystems na Amurka suka fara aikin da nufin talabijin da akwatunan da ake haɗa mata. Wannan kasuwa ba ta samu ba, sai aka fitar da Java don intanet a 1995. A 1999 aka sanar da ƙaramar Java ta na'urorin aljihu, wadda ake kira J2ME. Dabarar ita ce, mai rubuta manhaja ya rubuta sau ɗaya, kowace waya mai ɗauke da tafintan Java ta karanta, ko Nokia ce ko Sony Ericsson ko Motorola. Manhajar tana zuwa a ƙunshe cikin fayil mai suna JAR. Wayoyin Nokia na farko masu tsarin Series 40 ba sa karɓar wanda ya wuce kilobait 64, wato ƙasa da nauyin hoto guda da wayar yau ke ɗauka.

Duk da wannan ƙanƙanta, an yi abubuwa da yawa da ita. An yi wasannin ƙwallo da na tseren mota. An yi ƙamus, da jadawalin lokutan salla, da Alƙur'ani mai girma wanda ake karantawa a fuskar waya. Mafi tasiri ita ce Opera Mini, ta wani kamfanin ƙasar Norwe, wadda aka sake wa duniya a farkon 2006. Idan mutum ya nemi shafin intanet, manyan kwamfutocin kamfanin ne ke ɗauko shi, su matse shi, su aiko wa wayar da ɗan abin da za ta iya ɗauka. Ga mai sayen katin waya kaɗan-kaɗan, wannan ragi ne babba. Matasa da yawa a Gana da Nijeriya ta wannan ƙofa suka fara shiga intanet, ba ta kwamfuta ba. Bayanta manhajar hira ta 2go, daga Afirka ta Kudu, ta bazu a Nijeriya, a 2011 kuma Facebook ya fitar da tasa manhajar Java don ƙananan wayoyi.

Alƙawarin "rubutu ɗaya, waya kowace iri" bai cika ba. Girman fuskar wayoyi ya bambanta, maɓallansu sun bambanta, kowane kamfani kuma ya yi wa tafintan nasa gyare-gyare. Wasan da ya yi a wata waya sai ya fito rabi a wata. Masu hali sukan sayi wayoyin Nokia masu tsarin Symbian, irin su N70 ta 2005 da N95 ta 2007, waɗanda ke zuwa da RealPlayer na kallon bidiyo. Amma kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka.

5.0 Wayoyin Sin, Katin Ajiya da 3GP

A 2004 MediaTek ya shiga harkar waya da irin dabarar da ya yi amfani da ita a na'urorin DVD. Yana sayar da ƙwaƙwalwar waya tare da manhajarta a shirye, ƙananan masana'antu a birnin Shenzhen su ƙera akwati kawai su sa suna. Daga nan aka sami wayoyin da ake kira 'yan Caina. Suna cin layi biyu, wasu ma uku, abin da ke da amfani a inda kiran wani layi ya fi tsada kuma sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Suna da lasifika mai ƙara, da rediyo, wasu har da eriyar kama talabijin. Kamfanin da ke yin Tecno, wanda aka kafa a 2006, ya juya gaba ɗaya ga kasuwar Afirka daga 2008. Da yawa daga wayoyin farko na wannan iri ba sa karɓar Java ko kaɗan. Amma suna karanta MP3 da 3GP, suna kuma cin katin ajiya na microSD, wanda ya fito a 2005, wanda jama'a suka fi sani da memori.

Shi 3GP an tsara shi ne don gajeren bidiyo da za a aika ta layin waya mai sauri. Hotonsa yawanci ɗigo 176 ne a faɗi, 144 a tsayi, muryarsa kuma irin ta kiran waya ce. A Afirka ta Yamma an yi amfani da shi ta hanyar da masu tsara shi ba su nufa ba. Fim na awa ɗaya, wanda ke cin kimanin megabait 600 a faifan VCD, ana iya matse shi a kwamfuta ya koma ƙasa da 100. Fuskokin 'yan wasa sukan dagule, rubutun da ke ƙasan hoto ba ya karantuwa, amma da babu gara ba daɗi. Waya tana aiki da batir, ba ruwanta da ɗaukewar wuta, kuma mutum zai iya kallo shi kaɗai a shago ko a mota ko a ɗaki.

Daga nan wata sana'a ta ɓullo. Saurayi ya kafa tebur da kwamfuta a bakin kasuwa ko tasha, sau da yawa tare da cajin waya da sayar da kati. A kawo masa memori, ya cika shi da waƙoƙi da wa'azi da karatun Alƙur'ani da fina-finai, a biya shi ɗan abin da ya sawwaƙa. A Kano ana ce musu 'yan dawunlodin. A Tamale ma, kamar sauran garuruwan yankin, sana'ar ta kafu, kuma a kati ɗaya ake haɗa na Dagbani da na Hausa da na Indiya. Abin da ya shiga waya ɗaya kuwa, Bluetooth ke raba shi ga sauran, kyauta, muddin wayoyin ba su wuce kimanin mita 10 tsakaninsu ba.

Misalai biyu sun nuna ƙarfin wannan hanya. A 2008 mawaƙin Abzinawa na Jamhuriyar Nijar, Mdou Moctar, ya naɗi kundinsa "Anar" a Sakkwato, da salon kiɗan fina-finan Hausa. Waƙoƙin suka bi waya zuwa waya har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su a katunan ajiya a garin Kidal. Ya sa ɗaya a kundin "Music from Saharan Cellphones" na 2011, daga nan sunan mawaƙin ya kai Turai da Amurka. Misali na biyu ba mai daɗi ba ne. A 2007 wani ɗan gajeren bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya, wanda ya shafi wata 'yar fim, ya bazu a Kano ta Bluetooth. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya binciken shaguna da faifai, amma ba ta da hanyar binciken aljihun kowa. Abin da ya biyo baya shi ne dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, da naɗa Abubakar Rabo shugaban hukumar, da tsaurara dokoki.

Masu shirya fim, a Kano da Tamale baki ɗaya, sun ji jiki. Ribarsu daga sayar da faifai take zuwa. Da ya zama faifai ɗaya ya ishi mai tura fim ya cika wayoyin unguwa, sai ciniki ya yi ta ja da baya, har kasuwar faifai ta durƙushe a cikin shekarun 2010.

6.0 Flash: Tafintan da Bai Kai Ga Gaci Ba

A daidai wannan lokaci manyan kamfanoni suna can suna shirin wani abu dabam. Flash manhaja ce ta zane mai motsi da wasanni da bidiyo, wadda kamfanin Macromedia ya mallaka tun 1996. A 2003 aka fitar da ƙaramarta, Flash Lite, don wayoyin kamfanin NTT DoCoMo na Japan. Kamfanin Adobe ya sayi Macromedia a ƙarshen 2005. A watan Mayu na 2008 ya sanar da wani shiri tare da Nokia da Samsung da LG da wasu, na samar da tafinta guda wanda zai yi aiki a kwamfuta da waya da talabijin da akwatin tauraron ɗan'adam.

A Tamale, inda aka fi cin karo da Flash shi ne shagunan intanet, domin YouTube, wanda aka kafa a 2005, da ita yake nuna bidiyo. Can ma akan sauke bidiyon ne a juya shi zuwa 3GP, sannan ya shiga memori. Flash tana son ƙwaƙwalwa mai ƙarfi da layi mai sauri, tana kuma shan batir, abubuwan da suka yi ƙaranci a wayar talaka. A watan Afrilu na 2010 Steve Jobs ya bayyana a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa iPhone ba za ta karɓe ta ba. A Nuwamba 2011 Adobe ya daina yin ta don shiga intanet ta waya. YouTube ya bar ta a 2015, a ranar 31 ga Disamba 2020 kuma aka rufe babinta gaba ɗaya.

7.0 Haruffan da Waya Ba Ta Sani Ba

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ya shafi ɗaliban harshe kai tsaye. Rubutun Hausa na boko yana da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Dagbani yana da nasa: ɛ, ɣ, ŋ, ɔ, ʒ. Dukkansu suna cikin Unicode, wato babban kundin haruffan kwamfuta, tun farkon shekarun 1990. Amma samun harafi a kundi dabam, samun sa a waya dabam. Yawancin wayoyin shekarun 2000 ba su da zanen waɗannan haruffa, saboda haka sukan nuna ɗan akwati a madadinsu, ba su kuma da maɓallin rubuta su. Har ila yau, saƙon tes na GSM yana ɗaukar harafi 160 ne idan an tsaya kan haruffan da tsarin ya sani. Idan aka sa ko da harafi ɗaya daga waje, sai saƙon ya koma 70, kuɗi ya ƙaru.

Sakamakon haka, tsara guda ta masu rubuta Hausa ta saba da rubutu babu lanƙwasa. Aka haɗa "ƙafa" da "kafa", "baƙi" da "baki", "ɗa" da "da", sai ma'anar jimla ta raba gardama. A zangunan Gana abin bai zama baƙo sosai ba, domin a Hausar Gana da yawa daga masu magana ba sa bambanta waɗannan sautuka da bakinsu. Wayoyin Android na baya-bayan nan sun zo da haruffan, akwai kuma allon rubutu na Hausa. A 2021 aka buɗe Wikipedia ta harshen Dagbani, wadda masu aikin sa kai a Tamale suka tsaya mata. Duk da haka, al'adar rubutu babu lanƙwasa ta riga ta zauna a saƙonnin yau da kullum.

8.0 Abin da Ya Mutu da Abin da Ya Saura

Wayar Android ta farko ta fito a 2008. A 2011 Nokia ya sanar da barin Symbian. Cikin shekarun 2010 wayoyin Android masu araha, musamman Tecno da Itel da Infinix, suka cika kasuwannin Gana, MTN kuma ya buɗe layin 4G a 2016. WhatsApp ya daina aiki a wayoyin Series 40 a ƙarshen 2018. Fim ɗin Hausa ya koma talabijin da intanet: tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shiri mai dogon zango irin su "Izzar So" na 2020 kuma a YouTube ya yi suna. Tura fim hannu da hannu bai ƙare ba, sai dai manhajoji irin su Xender sun maye gurbin Bluetooth.

A nan ne bambancin tafintocin nan biyu ya fito fili. MPEG-1 da MP3 da 3GP ƙa'idoji ne da aka buga a fili, kuma manhajoji na kyauta irin su VLC suna karanta su har yau. Fim ɗin da aka matse a 2008 zai buɗu a wayar bana. Fayil ɗin JAR kuwa ba ya buɗewa a Android, duk da cewa da harshen Java ake rubuta manhajojin Android da yawa. Haka ma abin da aka yi da Flash. Sai an nemo wata manhaja da ke kwaikwayon tsohon tafintan, irin su J2ME Loader ko Ruffle, wadda ma'ajiyar Internet Archive ta fara amfani da ita a 2020.

Amma ko an sami tafinta, sai da abin da zai fassara. Kaset yana yin fumfuna da damina, ya sha ƙura da hunturu, kuma kamfanin Funai na Japan ya ƙera akwatin bidiyo na ƙarshe a 2016. Faifan da aka ƙona a kwamfuta yana karcewa, fentinsa ya ɓare. Memori yana ɓacewa ko a goge shi a zuba sabo. Fina-finan Dagbani da na Hausa na shekarun 1990 da 2000 ƙananan kamfanoni ne suka yi su, da yawa sun watse. Idan uwar kaset ta lalace, abin da zai rage wataƙila shi ne wani dusasshen kwafi a tsohuwar kwamfutar mai tura fim, wato a hannun mutumin da masu fim suka ɗauka shi ya kashe musu kasuwa.

9.0 Kammalawa

An ga yadda sauti da hoto suka bi hanyar Kano zuwa Gwanja a cikin kaset, da faifai, da katin ajiya. A kowane mataki mutanen Tamale sun ɗauki abin da ya dace da aljihunsu da wutarsu da layinsu, suka bar abin da aka tsara musu daga nesa. Wannan ya kai fim da waƙa hannun kowa, ya kuma rage wa masu yin su abinci. Ga ɗalibin harshe, waɗannan kaset-kaset da faya-fayai taska ce ta yadda aka yi magana da Hausa da Dagbani a shekara talatin da suka wuce: karin harshe, kalmomin aro, gaisuwa, zambo da barkwanci. Na'urorin da za su iya karanta su suna nan a kasuwa da gidaje, amma ba a ƙera sababbin akwatunan kaset. Aikin kwafe su zuwa tsarin da kowa ke iya buɗewa, tare da rubuta sunan fim da shekararsa da masu yin sa, aiki ne da sassan nazarin harsuna za su iya yi tun na'urorin ba su gama mutuwa ba.